Ƙirar Salansar Babur Mai Bugu Biyu: Tsakanin Ƙara da Lissafi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a biranen ƙasar Hausa, kamar Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi, ya san babur ɗin nan ƙirar Vespa, abin hawan malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da dattawan kasuwa. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera shi a shekarar 1946, kuma ma'anar sunan a harshen Italiyanci ita ce rina. Injin tsofaffin Vespa, da na babura irin su Suzuki A100 da Jincheng AX100, da na ƙaramin janareton da ake gani a ƙofar shaguna, duk iri ɗaya ne, wato inji mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai.

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a tsakanin matasa masu hawa irin waɗannan babura, wato a kai salansa wurin mai walda a fasa ta, a zare kayan cikinta, ko a yanke ta a jona mata guntun bututu, da zimmar wai babur zai ƙara gudu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa wannan aiki ɓarna ce tsagwaronta. Salansar da ke ƙara wa inji mai bugu biyu ƙarfi akwai ta, kuma mai walda na bakin titi yana iya ƙera ta, amma sai da awo da lissafi. Lissafin nan kuwa bai wuce wanda ake koyarwa a ƙaramar sakandare ba, don haka maganar ta shafi malami kai tsaye.

Matsalar da ke cikin injin

Inji mai bugu huɗu yana da bawul-bawul da ke buɗewa da rufewa a kan ƙa'ida, kuma kowane aiki da nasa lokacin: shan mai, matse shi, ƙona shi, da fitar da hayaƙi. Shi kuwa mai bugu biyu, wanda Dugald Clerk ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1881, Joseph Day kuma ya sauƙaƙa fasalinsa bayan kimanin shekara goma, ba shi da wannan sukuni. Ƙofofi ne kawai aka huda a jikin silinda, fistin yana buɗe su yana rufewa yayin da yake sauka da hawa. Idan fistin ya sauko, sai ƙofar hayaƙi ta fara buɗewa, jim kaɗan kuma ƙofofin shigar sabon mai su buɗe. Idan ya juya sama, ƙofofin mai ne ke fara rufewa, ta hayaƙi ta biyo baya.

A nan gizo ke saƙar. Akwai lokacin da ƙofar shiga da ta fita suke buɗe tare, kamar ɗakin da aka buɗe ƙofarsa da tagarsa ana so hayaƙi ya fita amma ƙamshin turare ya zauna. Wani kaso na sabon mai yakan bi hayaƙi ya fice ba tare da ya ƙone ba, kuma a tsofaffin injuna wannan asara takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa bayan irin wannan babur yake warin ɗanyen fetur. Haka kuma wani kaso na hayaƙin yakan maƙale a ciki ya gurɓata sabon man. Duk wata dabara ta ƙara wa wannan inji ƙarfi tana komawa ne ga tambaya guda: yaya za a zuƙe hayaƙin sarai, sannan a hana sabon mai tserewa?

Amsar da aka samu tana cikin salansa, kuma sunan da ya fi fice a tarihinta shi ne Walter Kaaden, injiniyan kamfanin babura na MZ da ke garin Zschopau a tsohuwar Jamus ta Gabas. Kamfanin ba shi da kuɗin da takwarorinsa na Italiya da Japan suke da shi, saboda haka sai Kaaden ya duƙufa a kan siffar bututun hayaƙi. Zuwa shekarar 1961, ƙaramin injinsa na tsere mai girman cc 125 yana ba da ƙarfin doki 25, wato kwatankwacin doki 200 a kowace lita, abin da ya girgiza masu harkar tseren babura. A watan Satumba na wannan shekara, bayan gasar da aka yi a ƙasar Suwidin, mahayin kamfanin mai suna Ernst Degner ya tsere zuwa Yammacin Turai, daga bisani ya koma kamfanin Suzuki da ilimin da ya samu. A 1962 ya ci wa Suzuki kambin duniya na farko a ajin cc 50. Abin da ƙasashe suka yi ta rububi a kansa a wancan zamani, awon fallen ƙarfe ne da aka naɗe.

Yadda amsa-kuwwa ke aiki

Yaron da ya taɓa yin ihu a bakin rijiya ko a gindin dutse ya san amsa-kuwwa. Sauti yana tafiya, ya bugi abu, ya dawo. Lokacin da ƙofar hayaƙi ta buɗe, wani bugu mai ƙarfi na matsin iska yana faɗawa cikin bututu da saurin sauti. Ƙa'idar da aikin ya ginu a kanta ita ce: idan wannan bugu ya tarar da wurin da bututu ya buɗe, abin da ke dawowa baya zuƙa ce; idan kuwa ya tarar da wurin da bututu ya tsuke, abin da ke dawowa turi ne.

Saboda haka ake ƙera salansar gaɓa biyar. Akwai wuya, wato bututun da ya fito daga silinda. Sai mazurari na farko wanda ke buɗewa a hankali. Sai ciki, inda faɗin yake daidai. Sai mazurari na biyu wanda ke tsukewa, kuma tsukewarsa ta fi buɗewar na farko gaggawa, galibi kamar ninki biyu. Daga ƙarshe sai wutsiya, wato siririn bututun da hayaƙi ke fita ta cikinsa. Da bugun ya shiga mazurari na farko, sai zuƙa ta koma silinda a daidai lokacin da fistin yake ƙasa, ta janye ragowar hayaƙi, ta kuma jawo sabon mai da yawa har wani ya malalo cikin wuyan salansa. Bugun kuwa yana nan yana tafiya har ya ci karo da mazurari na biyu, sai ya juyo a matsayin turi. Idan awo ya yi daidai, turin zai iso ne bayan ƙofofin mai sun rufe amma ta hayaƙi ba ta gama rufewa ba, sai ya cusa man da ya malalo ya mayar da shi cikin silinda, fistin kuma ya datse ƙofa. Ke nan silinda ta cika fiye da yadda za ta iya cika da kanta.

Idan aka fahimci wannan, to an fahimci kuskuren mai fasa salansa. Ya kawar da duk wani abin da zai dawo da turi, ya bar ƙofa a wangale, sabon mai yana zurarewa titi. Ƙara ta ƙaru, kunne kuma yana ruɗin mutum ya ɗauka gudu ne ya ƙaru, alhali garin neman ƙiba an samo rama. Ko salansar kamfani, wadda a Vespa take kama da akwati, da awo aka yi ta, don ta ba da ja mai laushi tun daga ƙaramin totur.

Lissafin

Wannan shi ne ɓangaren da ya kamata ɗalibin malanta ya tsaya a kansa da kyau. A iska ta yau da kullum sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, amma a cikin hayaƙi mai zafi saurinsa yakan kai wajen mita 520. A ɗauka ana son injin ya ba da mafi girman ƙarfinsa a juyi 6,000 a minti. Wannan juyi 100 ke nan a daƙiƙa, wato kowane juyi yana cin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A ɗauka kuma, don sauƙin lissafi, ƙofar hayaƙi tana zama a buɗe na tsawon digiri 180 daga cikin 360, wato rabin juyi. Lokacin da bugun yake da shi ya je ya dawo shi ne daƙiƙa 0.005. A cikin wannan ɗan lokaci zai ci mita 2.6, tafiya da dawowa. Idan aka raba biyu, sai a sami mita 1.3. Wannan shi ne tsawon da ake bukata daga fuskar fistin zuwa tsakiyar mazurari na biyu.

Idan aka ɗaga buri zuwa juyi 9,000, tsawon zai ragu zuwa kimanin santimita 87. A juyi 12,000 kuwa santimita 65 ne. Gajeriyar salansa ta injin tsere ce mai kuka sama, doguwa kuma ta injin da ake so ya ja kaya. Mabusa sun san wannan tun kafin zuwan babur, domin kakaki saboda tsawonsa ne muryarsa take da kauri, sarewa kuwa da an toshe ko an buɗe huda sai muryarta ta sauya. Wannan lissafi shi ne wanda Gordon Jennings ya yaɗa a littafinsa Two-Stroke Tuner's Handbook na 1973, daga baya kuma Farfesa Gordon Blair na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya zurfafa binciken har aka mayar da shi aikin kwamfuta.

Digirin buɗewar ƙofa ba ƙiyasta shi ake yi ba, auna shi ake yi. Ana yanka kwali a zagaye, a raba gefensa digiri 360, a liƙa shi a farantin da ke juyawa tare da injin, a kafa 'yar waya ta zama manuni. Daga nan sai a cire salansa, a haska tocila ta ƙofar hayaƙi, a juya injin da hannu, a rubuta inda ƙofar ta fara buɗewa da inda ta rufe. Kwali da tocila da fensir, kayan aikin ke nan.

Faɗin gaɓoɓin ma yana da ƙa'ida. Ciki yakan ninka faɗin wuya sau biyu da rabi zuwa uku. Wutsiya kuwa, bisa shawarar Jennings, faɗinta kimanin kashi 60 cikin ɗari ne na faɗin wuya, tsawonta kuma ya ninka faɗinta sau 12. Idan wuya milimita 35 ne, ciki zai iya kai milimita 105, wutsiya kuma milimita 21 a faɗi da kimanin santimita 25 a tsawo. Wutsiya ita ce gaɓar da ta fi haɗari. Idan ta yi faɗi da yawa, matsi zai zube, turi ya raunana. Idan ta tsuke fiye da kima, zafi zai taru ya koma kan fistin har ya huda shi ko ya sa ya cije a jikin silinda. Ga mai tafiya da gudu a kan babur mai ƙananan tayoyi, cijewar fistin na nufin tayar baya ta tsaya cak.

Daga takarda zuwa ƙarfe

Mazurari ba a naɗe shi da ka. Sai an shimfiɗa siffarsa a kan kwali tukuna. Misali, mazurarin da bakinsa ɗaya milimita 35 ne, ɗayan 105, tsawon gefensa kuma 420: kewayen ƙaramin baki shi ne 35 sau 22 bisa 7, wato 110, na babban kuma 330. Daga ɗigo guda za a zana baka biyu, ɗaya da nisan milimita 210, ɗaya da 630, a kusurwa mai digiri 30. Abin da ke tsakanin bakan biyu shi ne fallen da za a yanka. Duk ɗalibin da ya taɓa tambayar malaminsa amfanin 22 bisa 7 a rayuwa, ga amsarsa a shagon mai walda.

Ana amfani da fallen ƙarfe mai kaurin kimanin milimita ɗaya, a yanka da almakashin ƙarfe, a naɗe a jikin bututu da gudumar katako, a haɗa da waldar gas, domin waldar lantarki ta sanda takan huda ƙarfe marar kauri irin wannan. Akwai kuma masu yanka falle biyu su manne gefensu da walda, sannan su tura ruwa a ciki da famfo mai ƙarfi har ƙarfen ya kumbura ya ɗauki siffa. Ruwa ake amfani da shi ba iska ba, saboda idan walda ta fashe ruwa tsartuwa kawai zai yi, iskar da aka matse kuwa fashewa take yi kamar bam.

Wahalar Vespa ta musamman ita ce rashin fili. Injinta yana gefen tayar baya, kuma yana lilo tare da ita duk lokacin da aka faɗa rami. Bututu mai tsawon fiye da mita ba shi da inda zai miƙe, dole a lanƙwasa shi a ƙarƙashin mataki ba tare da ya taɓa taya ko jak ɗin tsayawa ko ƙasa ba. Don haka ake yayyanka mazurarin gunduwa-gunduwa a karkace, a jujjuya su, a sake haɗawa, tsawon kuma a riƙa auna shi ta tsakiyar bututun. Mai hankali yakan fara haɗa duka da kwali da gam, ya gwada a jikin babur, kafin ya taɓa ƙarfe. A nan ne gwanintar mai walda take bayyana, kuma babu digirin da zai maye gurbinta. Dunƙulen walda da ya leƙa ciki, ko 'yar kafar da iska ke fita, ya isa ya ɓata lissafin mako guda.

Bayan an ɗaura, aiki bai ƙare ba. Injin yanzu yana shaƙar iska fiye da da, saboda haka sai an sauya masa 'yar ƙofar mai ta cikin kafireto, wadda bakanikai ke kira jet, da mafi girma. Ana farawa da babba a riƙa ragewa, ana duba bakin fulogi: baƙi alamar mai ya yi yawa, fari fat alamar ya yi kaɗan kuma injin yana cikin haɗari, launin ƙasa-ƙasa shi ne daidai. A wannan inji fetur ne ke ɗauke da man da ke sulɓe fistin (a Vespa PX da ake gaurayawa da hannu, mililita 20 a kowace lita), don haka ƙarancin fetur ƙarancin mai ne. A ƙarshen wutsiya kuma dole a sa ainihin abin rage ƙara, wato bututu mai huda-huda da aka naɗe da audugar gilashi. Wannan ba ya rage ƙarfin inji in an yi shi daidai, domin aikin amsa-kuwwa ya riga ya gudana a baya. Wannan kaɗai ya isa ya rushe da'awar cewa ƙara da ƙarfi abu ɗaya ne.

Abin da masu suka za su ce

Za a iya cewa inji mai bugu biyu zamaninsa ya wuce. Akwai gaskiya a ciki. Gasar tseren babura ta duniya ta fara juya masa baya a 2002, ta kuma sallami ajin cc 125 daga 2012. Piaggio ya daina ƙera Vespa PX a 2017 saboda dokokin hayaƙi na Turai, baburan haya irin su Bajaj Boxer kuma masu bugu huɗu ne. Sai dai har yanzu injin yana nan a janareto da zarton inji da kwale-kwale da tsofaffin baburan da talaka ba shi da halin sauyawa, musamman bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023. Ko da kuwa ya ɓace gobe, darasin sauti da matsi da da'ira da ke cikinsa ba zai tsufa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato cewa koya wa matasa ƙara wa babur gudu tamkar miƙa wa yaro wuƙa ne. Kowa ya san abin da wasan babur ke jawowa a wajen ɗaurin aure da rakiyar amarya. Amma matashin da ya san lissafin ya fi wanda bai sani ba sanin iyakar abin hawansa. Zai san cewa salansar da aka yi wa awo tana ba da ƙarfinta ne a wani ɗan tsukin juyi kawai. Ƙasa da shi, turin yana isowa da wuri ya mayar da hayaƙi ciki, babur ya yi nauyi, har a sa giya ta huɗu ya kasa ɗauka. Zai san cewa birkin ganga na tsohuwar Vespa ba a yi shi don ƙarin gudu ba, kuma a zahiri mai yakan ƙara tafiya saboda ana yawan murɗa totur. Gaskiyar magana, magidancin da ke ɗaukar buhun hatsi da yara biyu a lungunan birni, salansar kamfani ta fi masa alheri, kuma bakanike na ƙwarai shi ne wanda zai gaya masa haka. Game da ƙara kuwa, masana lafiya sun tabbatar da cewa daɗewa a cikin ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 na lalata ji sannu a hankali, Nijeriya kuma ta kafa ƙa'idojin taƙaita ƙara a 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Mahayin babur mai fasasshiyar salansa shi ne ya fi kowa kusa da ita, sai kuma marar lafiya da jariri da mai salla da ya bi ta ƙofar gidansu.

Matsayin malami

Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. A daidai wannan lokaci, a bayan katangar makarantar, yaran da suka bar aji suna koyon walda da kanikanci ba tare da awo ba. Mai takarda ya san 22 bisa 7 amma bai taɓa naɗe ƙarfe ba, mai guduma ya iya naɗi amma yana aiki da kunne da kintace. Babban abin da ya raba su harshe ne, domin ilimin yana ƙunshe cikin Ingilishi, sana'ar kuma da Hausa ake yin ta.

Malamin Hausa yana da rawar takawa a nan fiye da yadda ake zato. Kalmomin da aka yi wannan bayani da su, wato wuya da mazurari da ciki da wutsiya da zuƙa da turi da amsa-kuwwa, duk na cikin gida ne. Waɗanda aka aro, irin su salansa da fistin da fulogi da totur, bakanikai sun riga sun sarrafa su sun zauna daram a bakin Bahaushe, babu dalilin tsayawa ƙirƙiro musu wasu da ba wanda zai yi amfani da su. Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji yana iya ɗaukar ajinsa zuwa garejin unguwa su tattaro sunayen sassan inji daga bakin masu sana'ar, su dawo su rubuta bayanin yadda kowane sashe ke aiki a matsayin darasin insha'i. Malamin lissafi ya karɓa daga nan, ya sa su zana baka biyu a kan kwali, su yanka, su naɗe, su auna bakin mazurarin da rula su ga ko ya ba da milimita 35 da 105.